Wa ke biyan masu gyaran bulokcen? Fashin baƙi kan aikin da ba shi da ubangida

Ranar 17 ga Satumban 2018, wani mai rubuta manhaja da ke amfani da sunan ɓoye, Awemany, ya aika wa masu kula da Bitcoin Core, babbar manhajar da ke tafiyar da kuɗin intanet na Bitcoin, saƙo a asirce cewa ya gano ɓaraka. Da farko an ɗauka iyakar ɓarnarta ta sa manhajar ta tsaya cak. Da aka zurfafa bincike sai aka ga abin ya wuce nan: mai haƙar kuɗin, wato mai amfani da kwamfuta wajen tabbatar da hada-hada don samun lada, idan ya san kan lamarin zai iya kashe kuɗi ɗaya sau biyu a cikin hada-hada guda, wato ya ƙirƙiri bitcoin daga babu. Ke nan alƙawarin da aka gina darajar kuɗin a kai, cewa adadinsa ba zai taɓa haura miliyan 21 ba, yana lilo. Washegari aka fitar da gyara, kuma Allah ya kiyaye ba wanda ya riga ya yi amfani da ɓarakar a kan ainihin kundin hada-hadar Bitcoin.

Asalin matsalar wani ɗan canji ne da aka yi tun ƙarshen 2016 don a ƙara wa manhajar sauri, aka cire wani bincike da aka zaci maimaici ne. Canjin ya bi ta gaban masu bita ya wuce, ya zauna kusan shekara biyu. A lokacin darajar Bitcoin gaba ɗaya ta haura dala biliyan 100, amma idanun da ke karanta lambobin manhajar layi-layi 'yan ƙalilan ne. Shi kansa wanda ya gano kuskuren a ɓangaren Bitcoin Cash yake aiki, kuɗin da ya ɓalle daga Bitcoin, wato gidan kishiya.

Daga nan tambayarmu ta taso. Banki yana da injiniyoyi da yake biya albashi. Facebook yana da dubbai. Tsarin da aka gina da gangan don kada ya zama mallakin kowa fa, wa zai ɗauki nauyin mai toshe masa ɓaraka?

Bari mu fara da abin da ake gyarawa. Bulokcen kundi ne na hada-hada wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban ke riƙe da kwafinsa, kowace tana tabbatar da cewa sabon shafin da aka ɗinka bai saɓa wa ƙa'ida ba. Manhajar da suke amfani da ita a buɗe take: kowa zai iya karanta ta, ya kwafe ta, ya kawo shawarar canji, ba a biyan ko sisi. Amma manhaja ba ta zama yadda aka bar ta. Kundin kullum ƙara nauyi yake yi, dole a nemo dabarar da kwamfutar talaka za ta ci gaba da ɗaukarsa. Masu kutse suna ƙirƙiro sabbin hanyoyi. Tsarin Windows da Linux da manhajar ke hawa kansu suna canzawa. Akwai walet da ake ajiye kuɗi, akwai gwaje-gwajen da ke kama kuskure kafin ya isa ga jama'a, akwai kamfanonin tsaro da ake ɗauka su yi wa sabon lissafi binciken ƙwaƙwaf. Sama da duka akwai bita, wato mutum ya zauna ya karanta abin da wani ya rubuta, ya yi ta neman inda zai karye. Wannan shi ne aiki mafi wahala kuma mafi rashin farin jini, domin idan an yi shi da kyau ba abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa mutum tafi saboda abin da bai faru ba.

Masu haƙa suna da ladansu a cikin tsarin, duk shafin da suka rufe ana ba su sabon kuɗi. Kasuwannin musaya suna cin kamasho. Mai rubuta manhajar kuwa, a Bitcoin, tsarin bai ware masa komai ba. Duk wanda ya zauna a unguwar da taransifoma ta ƙone ya san wannan hali: a bi gida-gida ana karɓar kuɗin gyara, wasu su bayar, wasu su ce maigidan ba ya nan, amma ranar da wuta ta dawo har gidan wanda ya ƙi biya sai ta haska. Tunda ba yadda za a hana wanda bai biya ba amfana, kowa sai ya jira wani ya biya. Duniyar buɗaɗɗiyar manhaja ta daɗe tana fama da wannan. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a 2014 a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin babban kaso na shafukan intanet, sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce dala 2,000 ba.

Bitcoin ya zaɓi hanyar taimakon ganin dama, kuma tarihinsa a nan bai zo da sauƙi ba. Bayan Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya ɓace a 2011, gidauniyar Bitcoin Foundation da aka kafa a 2012 ce ta riƙa biyan wasu manyan masu aikin. Da asusunta ya ƙafe a 2015, sai sashen binciken kuɗin zamani na jami'ar MIT a Amurka ya ɗauki uku daga cikinsu: Gavin Andresen da Wladimir van der Laan da Cory Fields. Kamfanoni irin su Blockstream da Chaincode Labs ma sun ɗauki wasu. Nan take aka ga illar hakan. A rikicin girman shafi da aka tafka tsakanin 2015 da 2017, babban zargin da ɓangare ɗaya ya riƙa yi shi ne cewa masu karɓar albashin Blockstream suna hana a faɗaɗa shafin ne don kasuwancin kamfaninsu. Ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, ya yi tasiri, kuma yana cikin abin da ya kai ga ɓallewar Bitcoin Cash a Agustan 2017. Duk wanda ke biyan mai gyara, jama'a za su sa masa ido, kuma suna da haƙƙin yin haka.

Abin da aka koya shi ne a yawaita tukwane. Yau akwai Brink, da aka kafa a 2020 musamman don biyan masu aikin Bitcoin Core, akwai OpenSats, akwai asusun da Human Rights Foundation ta buɗe a 2020, akwai Spiral na kamfanin Block. A Janairun 2024, da aka amince da asusun hannun jarin Bitcoin a kasuwar Amurka, kamfanin Bitwise ya yi alƙawarin ba da kashi 10 cikin ɗari na ribar asusunsa ga irin waɗannan ƙungiyoyi, VanEck kuma kashi 5 ga Brink. Sai dai idan ka bi diddigin manyan kyaututtukan, suna ɗaya zai yi ta dawowa. Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter da Block, ya ba OpenSats dala miliyan 10 a 2023, ya yi wa Brink alƙawarin miliyan 5 a cikin shekara biyar, Spiral na kamfaninsa ne. Ban ga alamar ya taɓa juya akalar aikin ba, amma tsarin da ke alfahari da cewa bai dogara da mutum ɗaya ba bai kamata ya kwanta da wannan a ransa ba.

Inda na fi son mu daɗe shi ne Monero, wani kuɗin kirifto mai ɓoye bayanan hada-hada, domin a can ne kalmar karo-karo ta fi dacewa da abin da ake yi. An ƙaddamar da shi a Afrilun 2014 ba tare da an ware wa masu kafa shi wani kaso ba, ba kamfani, ba harajin da ake cirewa daga ladan masu haƙa. Abin da suke da shi shi ne tsarin karo-karon jama'a da ake kira CCS. Mai son yin aiki zai rubuta takarda a fili: ga abin da zan yi, ga watannin da zai ci, ga adadin XMR (kuɗin Monero) da nake nema, ga matakan da zan kasa aikin. Jama'a su yi muhawara a kai, a tattauna a taron al'umma, a tambaye shi ayyukansa na baya. Wani lokaci a ce kuɗin ya yi yawa ya rage, wani lokaci a watsar da takardar gaba ɗaya. Idan ta samu karɓuwa sai a buɗe mata adireshin karɓar gudummawa. Kowa ya tura abin da ya sawwaƙa, kuma saboda yanayin Monero ba a sanin wanda ya tura. Kuɗin ba ya zuwa hannun mai aikin kai tsaye, yana zaune a wurin amintattun aikin, sai ya kammala mataki an duba an gamsu kafin a sakar masa kason wannan mataki.

Wannan hanya ta haifar da abubuwan da za a iya nunawa da yatsa. A 2018 aka kawo sabon lissafi mai suna Bulletproofs wanda zai rage girman kowace hada-hada da kusan kashi 80 cikin ɗari. Lissafin sirri irin wannan idan aka yi kuskure a cikinsa, wani zai iya buga kuɗin bogi ba a gani ba, saboda adadin da ake turawa a ɓoye yake. Jama'a suka haɗa kuɗi aka ɗauki kamfanonin tsaro, Kudelski da Quarkslab, suka bincike shi kafin a kunna shi a Oktoban shekarar, kuɗin da ake biya a kan kowace hada-hada ya faɗo warwas. A 2019 aka sake yin haka ga RandomX, sabon tsarin haƙar da aka tsara don kwamfutar gida ta iya gogayya da manyan injina. Bincike huɗu aka yi masa kafin a kunna shi a ƙarshen Nuwamba. Abin da ya burge ni a nan shi ne mutane sun cire kuɗi daga aljihunsu don a nemo kuskure a cikin abin da suke ƙauna. Ba kowace al'umma ce ke da wannan tarbiyya ba.

Amma CCS yana da rauni a daidai inda ba a so. Ranar 1 ga Satumban 2023 aka kwashe walet ɗin da ake tara kuɗin, XMR 2,675.73, kimanin dala 460,000 a farashin lokacin da aka sanar. Ba a sanar da jama'a ba sai farkon Nuwamba. Mutum biyu ne kacal aka sani suna da kalmomin sirrin walet ɗin, kuma ba a tabbatar da ta inda ɓarawon ya shigo ba. Ba lissafin Monero aka karya ba, ajiyar ce ta samu matsala. Dubi abin: kundin yana warwatse a dubban kwamfutoci, masu bayarwa ba a san su ba, muhawara a fili, amma lalitar tana hannun mutum biyu. Akwai kuma matsalar da ba ta da alaƙa da sata. Mai aiki yana neman kuɗi ne na wata uku, ya gama ya sake rubuta takarda. Idan farashin XMR ya faɗi kafin a biya shi, albashinsa ya ragu. Mai iyali da kuɗin haya ba zai daɗe a kan wannan ba, kamfani mai albashi tsayayye zai ɗauke shi. Sannan takardar da ta yi alƙawarin sabon abu mai ƙyalli ta fi saurin cika a kan wadda ta ce zan zauna in yi bitar aikin wasu.

Ganin haka ne ya sa wasu suka ce a daina bara, a sa tsarin da kansa ya riƙa cire kaso. Kuɗin kirifto na Dash ya fara a 2015 da ware kashi 10 cikin ɗari na ladan haƙa ga baitulmali, masu riƙe da DASH 1,000 su kaɗa ƙuri'a kan inda za a kashe. Zcash, da aka ƙaddamar a Oktoban 2016, ya ware kashi 20 na ladan haƙa na shekara huɗun farko ga masu kafa shi da masu zuba jari. Da wa'adin ya cika a Nuwamban 2020 sai aka sabunta shi: kashi 7 ga kamfanin Electric Coin, 5 ga gidauniyar Zcash, 8 ga tallafin ayyukan jama'a. A 2024 aka sake zama, aka bar kashi 8 ɗin, sauran 12 aka kulle su a wani asusu har sai an amince da yadda za a raba. Wato kuɗin yana shigowa ba fashi, amma duk sanda wa'adi ya cika sai an koma teburin rigima kan wa zai riƙe shi.

Bitcoin Cash ya nuna iyakar da wannan rigima za ta iya kaiwa. A Janairun 2020 Jiang Zhuoer, shugaban wata babbar ƙungiyar masu haƙa a Sin, ya kawo shawarar a cire kashi 12.5 na ladan haƙa na wata shida a bai wa wani kamfani a Hong Kong ya raba wa masu aiki, kuma duk mai haƙar da ya ƙi bayarwa a yi watsi da shafinsa. Jama'a suka yi caa. Wasu suka mayar da martani da aiki: suka gina Flipstarter, hanyar karo-karo wadda kuɗin mutum ba ya barin hannunsa sai an cika adadin da ake nema gaba ɗaya, kuma da ita aka tara wa ƙungiyoyin manhaja da dama kuɗi a wannan shekara. Duk da haka ƙungiyar Bitcoin ABC, ƙarƙashin Amaury Séchet, ta dage ta sa dokar cire kashi 8 a manhajarta. Ranar 15 ga Nuwamban 2020 kundin ya rabe biyu. Mafi rinjaye suka bi ɓangaren da ba haraji suka riƙe sunan, ɗayan daga baya ya koma eCash. Neman kuɗin gyara ne ya raba gidan.

Ko inda ba a rabu ba, baitulmali mai kauri yana jawo ƙudaje. Rahoton kashe kuɗin baitulmalin Polkadot, wani bulokcen, na rabin farkon 2024 ya nuna an kashe kimanin dala miliyan 87, kusan miliyan 37 daga ciki a kan talla da tallata suna. Masu riƙe da kuɗin ne suka kaɗa ƙuri'a, ba wanda ya yi sata. Sai dai inda nauyin ƙuri'a yake daidai da yawan kuɗin mutum, mai son farashi ya tashi gobe ya fi mai tunanin lafiyar manhaja nan da shekara goma ƙarfin murya.

Mutanen Ethereum, wani babban bulokcen, sun gwada warware wannan da lissafi. A 2018 Vitalik Buterin da Zoë Hitzig da Glen Weyl suka fitar da wata dabara, dandalin Gitcoin ya fara aiki da ita a 2019. Manyan masu bayarwa su tara asusu guda, amma ba su ne za su zaɓi wanda za a ba ba. Ƙananan gudummawar jama'a ce za ta nuna hanya. Ana ɗaukar tushen murabba'in abin da kowa ya bayar, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin, a tara, sannan a ninka jimillar da kanta. Idan mutum ɗaya ya ba aiki dala 100, lissafin zai ba da 100, ba ƙari. Idan mutum 100 suka ba da dala ɗai-ɗai, lissafin zai ba da 10,000, sai a daidaita ƙarin da girman asusun da ake da shi. Yawan mutane ya fi yawan kuɗi nauyi ke nan. Dabara ce mai kyau, kuma duk wanda ya ga yadda matasanmu suka riƙa buɗe asusu goma-goma a waya ɗaya lokacin wasan tara kirifto na Hamster Kombat a 2024 ya riga ya hango inda za ta yoyo: mutum ɗaya ya zama mutum ɗari. Gitcoin ya shafe shekaru yana yaƙi da asusun bogi, har ya ƙirƙiro hanyar tantance cewa mai bayarwa mutum ne na gaske. Kuma ko an kawar da bogi, wanda ya iya tallata kansa a dandalin X zai doke gwanin da ba ya magana.

Wanda na ga ya fi kusa da bakin zaren shi ne Protocol Guild, da aka fara a 2022. Jerin sunaye ne na mutum sama da ɗari masu aiki a kan ginshiƙin Ethereum. Ayyukan da ke cin gajiyar tsarin suna alƙawarin ba da kashi 1 cikin ɗari na kuɗin da suka ƙirƙira, kuɗin ya riƙa sauka a hankali cikin shekara huɗu, a raba wa mambobi gwargwadon daɗewar kowa a bakin aiki. Mai bayarwa ba ya zaɓar wanda zai samu, ba ya cewa a yi masa kaza. Mai aiki ba ya rubuta takardar roƙo duk wata uku. Wanda ke bitar aikin wasu da wanda ke ƙirƙiro sabon abu duk a layi ɗaya suke. Ba na cewa ba shi da aibu, domin darajar abin da ake bayarwa tana hawa da sauka da kasuwa, kuma mambobin ne da kansu ke yanke wanda zai shiga jerin. Amma ya raba hannun mai bayarwa da akalar aiki, kuma ya saka wa haƙuri, abubuwa biyu da sauran hanyoyin suka kasa haɗawa.

Ni dai ina ganin harajin da aka dasa a cikin tsarin ya fi haɗari a kan ƙarancin kuɗin taimako. Idan ƙungiyar da ke karɓar gudummawa ta lalace, masu bayarwa za su juya wa wata, kundin bai san an yi ba. Idan kuwa adireshin mai karɓa yana rubuce a cikin ƙa'idar kundin, cire shi sai an canza ƙa'idar, kuma mun ga abin da hakan ya jawo a 2020. Sharaɗin kawai shi ne taimakon ya fito daga hannuwa da yawa, ajiyarsa ta kasance a walet mai buƙatar sa hannun mutane da dama kafin kuɗi ya fita, a riƙa bayyana shiga da fita, kuma a ware kaso na musamman ga bita da gwaji ko da ba wanda zai yi tafi.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi amfani da kirifto a duniya, amma a cikin masu rubuta ginshiƙin manhajar 'yan Afirka ba su da yawa, kuma wanda ba ya cikin ɗakin ba a tuna matsalarsa: tsadar data, wayar da ba ta da wurin ajiya, intanet mai yankewa. A Fabrairun 2021 Jack Dorsey da Jay-Z suka ware bitcoin 500 suka kafa Btrust don tallafa wa masu rubuta manhajar Bitcoin, da farawa daga Afirka da Indiya, da sharaɗin ba za su sa baki a yadda ake tafiyar da shi ba. Cikin mutum huɗun farko da aka damƙa wa amanar, uku 'yan asalin Najeriya ne, har da Abubakar Nur Khalil wanda daga baya ya jagoranci gidauniyar. Tana horar da matasa, tana kuma biyan waɗanda suka nuna ƙwazo su zauna su yi aikin cikakken lokaci. Ƙofar shiga a irin wannan aiki ba takardar digiri ba ce. Ana buɗe shafin Bitcoin Core a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye lambobin manhaja, a zaɓi canjin da wani ya gabatar yake jiran bita, a sauke shi a kwamfuta, a gwada, a rubuta abin da aka gani. A kowane lokaci akwai ɗaruruwan irinsu a jere suna jiran mai dubawa, kuma da tarihin irin wannan bita ne Brink da OpenSats da Btrust ke auna wanda za su ba tallafi.